Man shafawa yana kashe makero, me ya sa ba ya cin fangas ɗin farce?

Mai Kemis: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masana magani ce. Mutum zai zo da farcen babban yatsan ƙafa ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, yana marmashewa ta baki. Ka ba shi man clotrimazole, wanda ke kashe makero da cin ruwa cikin 'yan makonni. Ya shafa har ya ƙare, ya sake saye, farce yana nan yadda yake. Kuma na ji an ce ƙwayar cutar ɗaya ce. To a fata yana ci, a farce ba ya ci, me ke jawo haka? Ko jabu ake kawo mana?

Anti Famasis: Wa alaikumus salam Alhaji. Ko ka samo na asali daga kamfaninsa, sakamakon ɗaya ne. Ƙwayar kam yawanci ɗaya ce, Trichophyton rubrum, ita ke kawo makero a jiki, ita ke shiga farce. Matsalar ta hanya ce. Fangas ɗin ba a saman farce yake zaune ba, yana ƙarƙashi, inda farce ya kwanta a kan nama, da cikin ƙasan farcen kansa. A fata, busasshen ɓawon da magani zai ratsa bai wuce kashi 1 cikin 50 na milimita ba. Farce kuwa rabin milimita ne zuwa milimita ɗaya, wanda ya kamu ma ya fi haka nesa ba kusa ba. Sannan ɓawon fata yana da maiƙo a tsakanin ƙwayoyinsa, ta nan man shafawa ke bi ya shige. Maiƙon da ke cikin farce bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kusan zallar keratin ne, wato sinadarin da ke gina farce da gashi, da ruwa. Ka ga man da aka haɗa don fata, in ka ɗora shi a farce, zama zai yi a sama har safa ta goge shi.

Mai Kemis: Ikon Allah. Ashe kuɗinsu kawai suke zubarwa.

Anti Famasis: Ba duka ba. In akwai cin ruwa a tsakanin yatsu, man yana maganinsa, kuma dole a yi maganinsa domin daga nan cutar ke hawa farce. Amma farcen kansa, a'a.

Ɗan Aji Biyar: Anti barka da dare. Wannan maudu'in ya zo mini daidai, don a kansa nake son yin aikin bincike na kammala karatu. Abin da na yi tunani shi ne, tunda terbinafine ne ya fi kashe wannan fangas ɗin, me zai hana a ƙara yawansa a man shafawa, daga kashi 1 zuwa kashi 10?

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba 'yar asibiti ba ce, abinci nake sayarwa. Amma kun ce abu ba ya shiga farce. Lalle fa? In na ƙunsa da sallah ƙarama, har babbar sallah jan yana nan a farcena. Ai shiga ya yi.

Anti Famasis: Maman Ilham kin taimake ni, da amsarki zan amsa wa ƙanina. Sinadarin da ke ba lalle ja, lawsone, kama keratin yake yi ya riƙe gam, shi ya sa wanki ba ya fitar da shi sai farcen ya tsiro an yanke. Wannan riƙon a lalle ado ne, a magani kuwa asara ce. Duk ƙwayar maganin da keratin ya cafke a hanya, ba ta isa wurin fangas ba, kuma ko ta isa, in tana manne ba ta aiki. Terbinafine yana cikin masu manne wa keratin sosai, ga shi ba ya son ruwa, alhali hanyar cikin farce hanyar ruwa ce. To ƙanina, ƙara yawa kaɗai ba zai fisshe ka ba, sai ka canza abin da ka narka shi a ciki, ka kuma sassauta farcen. Wani kamfani a Suwidin ya yi irin abin da kake tunani, terbinafine kashi 10 a cikin haɗin da ke tausasa farce. A gwajinsu fangas ya mutu a wurin mutane da yawa, amma waɗanda farcensu ya koma garau kaɗan ne, har haɗin ya riƙa sa farcen yin fari.

Wani abu kuma, Maman Ilham, duba gindin farcenki bayan wata ɗaya da ƙunshi. Farin da ya fito sabo, wajen milimita 3 ne. Wannan shi ne saurin farcen hannu. Na ƙafa bai wuce milimita 1 zuwa 1 da rabi a wata ba. Magani ba ya gyara farcen da ya riga ya lalace, sabon da ke fitowa yake karewa. Na hannu wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta, na babban yatsan ƙafa wata 12 zuwa 18.

Maman Ilham: Shekara da rabi! Tabɗi.

Likitan Fata: Salam. Na karanta daga sama. Bayanin Hajiya Famasis daidai ne, amma bari in kawo alƙaluma don kada a ɗauka sababbin magungunan sun gama da matsalar. Ciclopirox kashi 8, mai kama da jan farce, Amurka ta amince da shi a 1999. Ana shafawa kullum har mako 48, duk mako a goge da sifirit a sake. Waɗanda suka warke sarai, wato farce ya fito tas kuma gwaji bai ga fangas ba, kashi 5.5 zuwa 8.5 ne cikin 100. A 2014 aka amince da wasu biyu. Tavaborole kashi 5, wanda aka gina shi ɗan ƙarami da gangan don ya ratsa, ya ba da kashi 6.5 zuwa 9. Efinaconazole kashi 10 ya ba da kashi 15 zuwa 18. Ƙwayar terbinafine ta sha, miligiram 250 kullum na mako 12, tana ba da wajen kashi 38. Gwaje-gwajen ba a kan mutane iri ɗaya aka yi su ba, amma tazarar a bayyane take. Ni in mara lafiya ba shi da abin da zai hana, ta sha nake ba shi, in huta.

Ɗan Aji Biyar: Yallaɓai, me ya sa efinaconazole ya fi tavaborole, alhali ya fi shi girma? Na ga nauyin ƙwayar sinadarin tavaborole 152 ne, na efinaconazole kuwa 348.

Likitan Fata: Wannan ta famasis ce, ni asibiti na sani.

Anti Famasis: Abu biyu ne. Na farko bai cika manne wa keratin ba, ko ya manne yana sakin sa. Na biyu, kuma shi ne ya kamata ka rubuta a littafinka, ruwan da aka narka shi a ciki tsinkakke ne mai saurin malala. Ba a saman farce kaɗai ake sa shi ba, har gefe da gefe da ƙarƙashin bakin farce. Farcen da ya kamu yawanci ya ɗan ɗago daga nama, akwai rata. Ruwan yana bin wannan ratar ya isa wurin fangas ba tare da ya ratsa farcen ba. Jan farce mai daskarewa ba ya iya haka. Masu bincike sun daɗe suna fama da yadda za a huda bango, alhali akwai ƙofa a gefe.

Amma Likita, ban yarda da "in huta" ɗin nan ba. Kai a asibitin koyarwa kake, kana da gwajin hanta a ƙofarka. Alhaji Mai Kemis fa? A ƙasar nan da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba, a riƙa miƙa musu terbinafine na wata uku ba gwaji? Ga masu ciki, ga masu shayarwa, ga tsofaffi masu shan magani biyar. Itraconazole kuma, wani maganin fangas na sha, ba ya jituwa da magunguna barkatai, kuma ba a ba mai raunin zuciya. Waɗannan mutanen na shafawa ne abin da ya rage musu, shi ya sa gyara shi ba wasa ba ne.

Likitan Fata: Hajiya ai na ce in ba abin da zai hana. Kuma matsalar hanta daga terbinafine ba ta cika faruwa ba, kada mu tsorata mutane. Abin da ya fi damuna shi ne har yau ana sayar wa mutane ƙwayar ketoconazole don farce, alhali tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta dakatar da ita saboda hanta, ta Amurka ma ta taƙaita ta. Da griseofulvin, wanda mutum zai sha shekara guda don farcen ƙafa kuma da ƙyar ya ga amfani.

Mai Kemis: Griseofulvin kam ana nemansa sosai, ba zan ɓoye ba. Su da kansu suke zuwa da sunansa.

Likitan Fata: To Alhaji ka riƙa turo su a duba. Kusan rabin farcen da ya lalace ba fangas ba ne ma. Akwai na bugun takalmi, akwai cutar fata ta psoriasis, akwai tsufa. A kankaro ɗan garin ƙarƙashin farce a sa masa ruwan potassium hydroxide a duba a madubin awo, aiki ne mai sauƙi. Kuma mu nan Afirka ta Yamma muna da wani baƙin fangas na ƙasa da itatuwa, Neoscytalidium, yana kama ƙafar masu yawo ba takalmi. A ido kamarsu ɗaya, amma griseofulvin ba ya taɓa shi, terbinafine ma sau da yawa ba ya ji. Irin wannan sai an rage farcen sosai an haɗa da na shafawa. Sannan duk wanda ya ga baƙin layi a farce ɗaya yana ƙara faɗi, ya bar maganar kemis, ya zo asibiti.

Baban Sadik: Salamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin ɗamara ne, na yi shekaru cikin but daga safe har dare, a nan na samo nawa. Wani abokina ya ce in jiƙa ƙafar a ruwan bilic, wani ya ce man birki. Ina da ciwon suga dai.

Sista Ta Ɗakin Rauni: Baba don Allah don Annabi kada ka yi ko ɗaya. Mai suga da bilic a ƙafa? Ƙafafun da muke wankewa a ɗakinmu da yawa da ƙaramin abu suka fara, reza ko ruwan zafi. Kai ko yanke farcen nan kada ka ba masu yawo da almakashi, ka zo a yanke maka a asibiti.

Baban Sadik: To 'yata, na ji. Allah ya yi albarka.

Mai Kemis: Masu yankan farcen nan ma ai su ne ke raba cutar. Almakashi ɗaya, mutum ashirin a kasuwa, sai ɗan ruwan kumfa a kwalba.

Ɗan Aji Biyar: Mu koma kan sassauta farce, Anti. Na karanta cewa abin da ke sa keratin ɗin farce tauri shi ne ɗaurin da ke tsakanin sulfur da sulfur. Wai N-acetylcysteine da thioglycolic acid suna tsinka shi.

Anti Famasis: Haka ne. Thioglycolic ɗin shi ne a cikin man cire gashi, shi ya sa warin nan. A ɗakin gwaji suna ƙara shigar magani ƙwarai, amma ga wari, ga cin fatar gefe, kuma yawancin aikin bai wuce ɗakin gwaji ba. Wanda ya riga ya isa hannun mutane shi ne uriya kashi 40. Akwai haɗin da ake yi da ita da bifonazole kashi 1. Ana sa shi a kan farce kaɗai, a rufe da filasta, gobe a jiƙa a ruwan ɗumi, a kankare abin da ya yi laushi, a sake sawa. Mako 2 zuwa 3 ɓangaren da ya ruɓe zai fita ba jini ba zafi, lafiyayyen ya tsaya. Daga nan sai a bi da man bifonazole na mako 4, domin yanzu ba abin da ya tare shi. Alhaji ka lura, a nan ne man shafawa irin naka yake samun hanya.

Manomi Ɗan Ƙauye: Hajiya uriya dai ta taki? Ina da rabin buhu a ɗaki.

Anti Famasis: Malam bar wa masara kayanta! Sinadarin ɗaya ne, amma ta taki ba a tace ta don jikin mutum ba, kuma ba za ka iya auna kashi 40 a gida ba.

Sista Ta Ɗakin Rauni: Hahaha. Wallahi sai wani ya gwada.

Anti Famasis: Ni abin da nake gani, kafin mu yi mafarkin efinaconazole da ba kowa zai same shi ba balle ya iya sayensa, akwai abin da ke hannunmu. A rage kaurin farce da magogin farce na takarda kafin a sa magani, a jefar da magogin kada a kai shi kan lafiyayyen farce. A yanke duk inda ya ɗago. A sa magani bayan wanka, an tsane ƙafar, lokacin farcen ya sha ruwa ya buɗe. Amorolfine kashi 5, wanda ake sawa sau 1 ko 2 a mako, a cikin kwalinsa ma ake sako magogin, amma mutane su ajiye shi gefe su shafa a kan tsohon shafi. Sai a ce magani ba ya aiki.

Likitan Fata: Da sharaɗi dai. Na shafawa shi kaɗai sai in cutar ba ta wuce rabin farce ba, ba ta kai gindinsa inda yake tsirowa ba, kuma farce kaɗan ne suka kamu. In akwai rawayan layi mai kauri da ya miƙe zuwa gindi, wannan dunƙulen fangas ne a ciki, sai an buɗe an kwashe.

Malam Na'ibi: Assalamu alaikum. Ina bin ku a hankali, amma akwai abin da ba ku taɓo ba. Kun ce maganin kamar jan farce yake, yana daskarewa ya kwana bakwai. To alwala fa? Ruwa ai ba zai taɓa farcen ba.

Maman Ilham: Yauwa Malam, ni ma ita ce a raina tun ɗazu.

Baban Sadik: Ai lalura ce. Ba akwai shafa a kan jabira ba? Mai karaya ma yana shafa a kan ɗauri.

Malam Na'ibi: Akwai, Baba, kuma malamanmu sun sanya maganin da aka ɗora a kan ciwo a wannan babin. Amma ana duba girman lalurar, da ko akwai wata hanyar da ba ta hana ruwa. Shi ya sa nake tambayar masu magani tukuna, kafin a je ga hukunci. In akwai wanda ba ya toshewa, magana ta ƙare.

Anti Famasis: Akwai, Malam. Amorolfine da tsohon ciclopirox su ne masu barin ɓawon da ruwa ba ya wankewa. Amma wani kamfani ya sake haɗa ciclopirox ɗin a cikin hydroxypropyl chitosan, wanda ke narkewa a ruwa. Ana sawa da dare, a bar shi aƙalla awa 6 ba wanki, da safe ruwa ya tafi da abin da ya rage a sama. Daga bayan isha'i zuwa asuba a wurinmu ya fi awa 6. Ba a buƙatar sifirit, kuma a gwajin da aka kwatanta su ya fi tsohon aiki. Efinaconazole da tavaborole ma ruwa ne, ba jan farce ba. Uriya da filasta ce dai za ta koma wurinku malamai.

Malam Na'ibi: Madalla. Ita ma mako biyu zuwa uku ce, kuma ana cirewa kullum. Wanda abin ya shafa ya tambayi malamin da yake bi.

Ɗan Aji Biyar: Wallahi wannan bai taɓa zuwa mini ba. Duk takardun da na karanta suna alfahari da cewa haɗinsu ruwa ba ya wanke shi. Mutumin da ke wanke ƙafa sau biyar a rana, ko dai ya ƙi maganin, ko ya riƙa kankare shi.

Sista Ta Ɗakin Rauni: Kuma ba zai faɗa wa likita ya daina ba. Zai ce yana sawa.

Maman Ilham: To ni nawa na hannu ne, gefen farcen ke kumbura yana ja, wani lokaci da ɗan ruwa, farcen ya yi gargada. Wanne zan saya?

Likitan Fata: Hajiya naki da alama daban ne. Masu wanke-wanke da jiƙa hannu kullum, fatar da ke rufe gindin farce ke lalacewa, ruwa da sabulu su shige, sai wani nau'in fangas, Candida, ya samu wuri. Wannan kumburin gefe ne, maganin farko shi ne hannun ya bushe. Safar hannu ta roba wajen wanke-wanke, kada ki tura ko yanke fatar gindin farce. Ki je a duba. Kuma ki guji man nan masu haɗi uku da ake sayarwa don komai, mai ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. A Indiya irinsu na cikin abin da ake dangantawa da yaɗuwar wani fangas, Trichophyton indotineae, da sau da yawa terbinafine ba ya kashewa.

Mai Kemis: Likita, na'urar leza da ake talla fa?

Likitan Fata: A Amurka izinin da aka ba su na ƙara hasken farce na ɗan lokaci ne, ba na warkarwa ba. Akwai kuma masu huda ƙananan ramuka a farce don magani ya bi, da masu tura shi da ɗan ƙaramin lantarki. Dabarun suna da ma'ana, amma ba na layinku ba ne yanzu.

Ɗan Aji Biyar: To ga abin da na tsayar, ku gyara mini. Haɗi mai narkewa a ruwa, na sawa da dare, ciclopirox a ciki, in gwada shi da uriya kaɗan, da N-acetylcysteine, da kuma babu komai. Matsalata farcen da zan gwada a kai. Wanda mutane ke yankewa ƙanana ne, ba sa rufe bakin kwalbar Franz, wadda ake auna ratsawar magani da ita.

Anti Famasis: Kofaton saniya. Shi masu bincike suka daɗe suna amfani da shi a madadin farce, keratin ɗinsu kusan iri ɗaya ne. Ka je kwata da sassafe ka karɓo sabo kafin a babbake, domin wuta tana ɓata shi. Ka wanke, ka jiƙa ya kwana, a yanka maka shi siriri da na'urar yanka ta sashen nazarin tsoka. Amma ka rubuta a aikinka cewa kofato ya fi farcen mutum sakin hanya, don haka alƙalumanka na kwatanta haɗi da haɗi ne kawai. Kuma kada ka tsaya ga auna abin da ya ratsa. Ka ɗora yankan a kan faranti mai fangas ɗin Trichophyton rubrum, ka sa haɗin a sama, ka ga ko abin da ya fito ta ƙasa ya isa ya hana shi tsiro.

Likitan Fata: In ka kai nan ka yi mini magana, ɗakin gwajinmu kan samu Neoscytalidium daga marasa lafiya jefi-jefi. Ka gwada duka biyun.

Ɗan Aji Biyar: Na gode Yallaɓai, na gode Anti. Kauri nawa zan ce a yanka?

Anti Famasis: Fara da wajen maikiromita 100, wato kashi 1 cikin 10 na milimita, don ka ga bambanci da wuri, sannan ka yi wani rukuni mai kauri. Ka auna kowane yanki kafin ka ɗora, kada ka yarda da lambar da ke jikin na'ura.

Manomi Ɗan Ƙauye: In kofato ne, ƙanina mahauci ne. Ka faɗi ranar da kake so a ajiye maka.